Masaukin Mutanen Durba

"Albarka," in ji Jabiru dillali, ya tattara bakin rigarsa kamar mai shirin tashi. "Malam Isiyaku, in ba haya ka zo kamawa ba, sallame ni in je in nemi na cefane. Tun hantsi kake yawo da ni a garin nan, gida na biyar ke nan."

Isiyaku bai ko motsa ba. Yana zaune a dakalin ƙofar gidan, ya tuɓe takalmi ɗaya yana fitar da tsakuwa. Mutum ne da ya sayar da bijimai da gyaɗa a kasuwanni, ya san dillalin da ya kama riga ba tafiya zai yi ba.

"Zauna mana, ai ba faɗa aka yi ba. Na leƙa rijiyar gidan, ban ga ruwa ba sai wani tsohon guga da ƙadangare a kai."

"Da bazarar nan? Je ka leƙa ta kowa a Rano ka zo ka ba ni labari. Kai dai dubi abin dubawa. Ga asibiti can, ko tari uwargida ta yi sai likita ya ji. Ga tasha, daga inda kake zaunen nan in ka ɗaga hannu mota za ta tsaya. Ɗaki biyu a ciki, ga shago a waje, ga zaure mai cin tabarma huɗu. Nuna mini gidan haya mai zaure irin wannan in bar maka la'adata."

Nan ne fa ya sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Gidaje huɗun da suka fara gani duk ginin zamani ne, kana tura ƙyaure sai ka ga matar gida tana wanke-wanke. Isiyaku kuwa a Durba ya tashi, cikin ƙasar Kibiya, inda wanda ba shi da zaure ba a cika lissafa shi cikin magidanta ba. Tun da ya sa ƙafa a wannan zauren ya ji sanyinsa, ya riga ya hango kansa a kishingiɗe da buta da rediyo. Sai dai bai bari fuskarsa ta tona masa asiri ba.

Suka ja, suka saki. Jabiru ya buga wa mai gidan waya, wani Alhaji da ke zaune a Kano, yana ta "ranka ya daɗe" yana rusunawa kamar Alhajin na ganinsa. Aka rage ɗan abin da aka rage, aka ce mai gida zai sa a yashe rijiya kafin ruwa ya sauka. Jabiru ya miƙo hannu.

"Shekara guda. Na sallama."

"Na karɓa. Allah ya sa mu shiga a sa'a."

Suka shafa fatiha. Isiyaku ya kwance kuɗin bijimin da ya sayar ya biya nan take, Jabiru ya danƙa masa makullai uku a ɗaure da zaren buhu.

Abin da ya fito da Isiyaku daga garinsu yana da shekara sittin da ɗoriya ba sha'awar birni ba ce. Matarsa ce, Tani. Shekara talatin da bakwai suna tare. 'Ya'yansu mata uku duk suna ɗakunansu, namijin, Lukman, yana aikin walda a Kano. Gidansu na Durba gidan gandu ne, wansa Malam Uzairu shi ne babba, mutum kusan talatin ake ɗora wa tukunya. Tani kuwa Allah ya ba ta hannu. Ko ranar da ba girkinta ba sai an kira ta ta ɗanɗana miya, in kuwa suna ko biki ya tashi a unguwa, ita ce a bakin murhu tun asuba. Da daminar bara ƙafafunta suka fara kumbura, kai ya riƙa sara mata, wata rana tana cikin tuƙa tuwo ta ga muciya ta zama biyu. A asibitin Rano likita ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce a kira mijinta.

"Baba, jininta ya hau sosai, zuciyar ma ta gaji. Za mu ba ta magani, amma rabin maganin hutu ne. Ta bar hayaƙi, ta bar aikin ƙarfi, ka riƙa kawo ta duk mako biyu. In aka ci gaba a haka wata rana faɗuwa za ta yi, kuma ba kowace faɗuwa ake tashi ba."

Isiyaku ya gwada a Durba. Ya ce wa matan gida a cire Tani daga girki, suka ce to. Kwana uku aka yi. A na huɗu ya dawo daga gona ya same ta tana tankaɗe, wai ganin yadda ake ɓarnar gari ne ya hana ta zama. Ga kuma hanya: duk zuwa asibiti a bayan babur sai ta kwana biyu tana jinyar ƙugu. Ya auna, ya ga muddin tana jin ƙarar turmi a gidan nan ba za ta zauna ba. Shi ne ya bar gonarsa a hannun 'ya'yan wansa, ya sayar da bijimi, ya nufo Rano neman gida.

Makon farko da na biyu sai hamdala. Sun taso da buhun dawa biyu da na masara da rabin na wake, da daddawa da kuka, abin da zai kai mutum biyu kaka har su yi sadaka. Tani takan ɗora 'yar tukunyar da a Durba ko miyar yara ba za ta ci ba, ta sauke, ta rasa abin yi, ta yi barcin rana, abin da rabonta da shi tun tana amarya. Da suka koma awo likita ya gyaɗa kai.

Shi kuma Isiyaku ya shiga koyon zaman gari. Ya gane a Rano komai da bakinsa. Ruwa sai an kira mai tura kurar ruwa. Itace ƙulli-ƙulli ake sayar da shi kamar goro. Ramar da a Durba akuya ke ci a bayan danga, nan a faranti ake kasa ta. Wuta takan zo ta tafi ba sallama, ran da ta zo kuwa sai ka ji unguwa ta ɗau sowa kamar an ga watan sallah. Maƙwabcinsa na dama malamin makaranta ne, sun yi kwana goma suna gaisawa bai taɓa tambayarsa ɗan gidan wa ne shi ba. Da farko abin ya yi masa banbaraƙwai, daga baya ya ga ashe akwai daɗi mutum ya sayo tsire ya shige gidansa ba wanda ya ƙirga masa tsinke. Da la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaure, ya kalli 'yan acaɓa suna cacar baki a kan fasinja, ya hangi duwatsun bayan gari, ya ce a ransa in dai Tani za ta miƙe, sayen ruwa ba komai ba ne.

Baƙon farko wani maƙwabcinsu ne na Durba, Ja'afaru. Ya kawo matarsa haihuwa ta zo da gardama, aka kwantar da ita. Yana tsaye a bakin asibiti da uwarsa da ƙanwarsa ba su san inda za su dosa ba, sai ya tuna ai Isiyaku na nan kusa. Isiyaku ya yi murna har zuciyarsa, don ya fara kewar ganin fuskar gida. Ya buɗe shago ya share da kansa, matan suka shiga wajen Tani. Tani ta dama kunu, ta yi tuwo, ta sa aka kai wa mai jego ruwan zafi. Kwana huɗu suka yi, suka tafi da jariri da godiya, suka bar kaza.

Labarin ya riga su isa Durba.

A da, mutumin Durba in ya zo Rano yakan yi abin da ya kawo shi ya juya kafin magariba, in abin ya ci tura ya kwana a barandar asibiti ko a masallaci, ya sayi ƙosai ya karya. Yanzu kuwa ga ɗan gari da zaure a bakin tasha. Wanda ya kawo mara lafiya, gidan Isiyaku. Wanda ya zo shari'ar iyakar gona, gidan Isiyaku. Wanda zai bi motar farko zuwa Kano sai ya zo tun jiya. Mata masu haɗa kayan ɗaki su jibge katifa da kwalla a shago, su shiga ciki su ce, "Inna Tani, a taimaka da ɗan ruwa," wanda kuwa ya san mutanenmu ya san ɗan ruwa ba ya tsayawa a ruwa. Kafin wata biyu 'yan acaɓa sun haddace wurin. In ka ce masaukin Durba ba sai ka yi kwatance ba. Daga baya har mutanen Nariya masu aure a Durba suka shigo layi.

Kuma ba wanda ya zo da mugun nufi. Kowa yakan riƙo wani abu, wannan ƙwan zabi, wannan kwanon dawa, wannan zakara. Amma zakara ba ya fige kansa, dawa ba ta surfa kanta. Duk tsarabar da aka kawo, aiki aka kawo wa Tani. 'Yar tukunyar nan ta koma ƙarƙashin gado, aka aro babba a maƙwabta, daga baya aka sayi tasu.

Wata rana da azahar Isiyaku ya shigo ya same ta ta dafa bango da hannu ɗaya tana tuƙi da ɗaya.

"Ke Tani, wai me likita ya ce miki ne?"

"Ya ce in huta."

"To hutun ke nan?"

Ta share ido da gefen zani, don hayaƙi ya cika wurin. "Malam, mutum takwas ne a zaurenka. Kai ka shimfiɗa musu tabarma. Hutun nawa zan zuba musu a kwano su ci?"

Ya juya ya fita.

Ba wai bai yi dabara ba. Ya taɓa zuwa tasha ya sayo shinkafa da wake a wajen mai abinci, ya juye a kwanukan gida ya kai zaure. Wani dattijo ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali, ya ce, "Wannan ba hannun Tani ba ne. Isiyaku, a gidanka za ka ba mu abincin kasuwa?" Maganar ta shiga ciki, Tani ta yini tana kuka, ta ce in ya sake yi mata haka gara ya mayar da ita Durba. Ya ce wa baƙi mata su riƙa kama mata. Suna kamawa, amma baƙuwa ba ta san inda gishiri yake ba, sai Tani ta tsaya a kanta, tsayuwar ma aiki ce. Wata rana ya kulle zaure ya tafi masallaci ya ƙi dawowa sai bayan la'asar. Ya dawo ya tarar da mutum uku a dakali cikin rana, sun jingina wani tsoho mai tari da bango suna yi masa fifita da hula. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage. Ya buɗe, ya ba su haƙuri, ya ce mantuwa ce.

Yaya zai yi? Gonarsa na hannun mutanen nan. Iyayensa a can suke kwance, shi ma can za a kai shi. Wanda ka rufe wa ƙofa yau, shi zai haƙa maka kabari gobe. Buhunan da ya ce za su kai kaka kuwa, tun ruwa bai zauna ba aka kakkaɓe na ƙarshe, ya koma awo a kasuwa da tiya kamar ma'aikacin gwamnati. Wannan bai dame shi ba kamar yadda ya ga ƙafafun Tani sun koma yadda suke, har takalminta ya daina shiga.

Cikin wata na biyar, tsakiyar damina, ranar kasuwa, mutum goma sha ɗaya ne a zaure. An yi ruwa da safe, itace ya jiƙe, sai hayaƙi yake ba wuta. Tani ta sunkuya tana hurawa, ta ɗago, ta ce "Wash," ta tafi ta gefe. Ihun mata ne ya shigo da Isiyaku. Aka ɗauke ta a tabarma, ko abin hawa ba a nema ba, don asibitin da gaske a kusa yake.

Bayan an yi abin da za a yi, likitan nan ya fito ya same shi a tsaye riƙe da takalminta.

"Baba, ba kai ka ce mini ka dawo da ita gari don ta huta ba?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai.

"Wannan karon ta tashi. Na gaba ban san yadda za ta kasance ba."

Aka ba ta gado. Da labari ya kai Durba sai ga 'yan dubiya mota-mota, kuma duk wanda ya fito daga dubiya zauren ya nufa. Cikinsu har da Barira, 'yar kawun Isiyaku, wato taubashiyarsa, mace mai jiki da murya, wadda mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. A Durba ɗan wake take sayarwa a ƙofar gida, cinikin da bai taka kara ya karya ba. Ita ce ta shiga ta ga murhu a mace ga maza a zaure suna ta hamma, ta ɗaura ɗamara ta hura wuta. Kwana biyar tana tuƙa wa 'yan dubiya tuwo.

A rana ta biyar da hantsi ta fito zubar da toka, ta ga Isiyaku a dakali ya rafka tagumi.

"Kai bawana, ka yi zugum kamar wanda alƙali ya ƙwace wa gona."

"Bari, Barira. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ya ce maka wasa na fito yi?" Ta ajiye kaskon toka ta tsaya a kansa. "Kai tun muna yara ba ka da wayo sai wayon sayar da sa. Ka ɗauko mace daga tukunyar gandu ka kawo ta tsakanin tasha da asibiti, ka wage zaure kamar masallacin Juma'a. A Durba ko ba komai mata shida ne ke karɓa-karɓa. Nan ita kaɗai ce. Ni da nake da lafiyata, kwana biyar ɗin nan bayana kamar an yi mini dukan sakwara."

"To korar mutane zan yi?"

"Kai? Ko kaza ba ka iya kora ba. Ba ni zauren."

Ya ɗago ya dube ta.

"Da shagon," in ji ta. "Haya za ka ba ni, ba kyauta ba, kada ka ce na ci maka. In kafa tukwane a nan ƙofa in sayar da abinci. Ka dubi titin nan. Direbobi, 'yan acaɓa, masu jinya daga ko'ina, duk da yunwarsu suke wucewa. Mutumin Durba in ya zo, ya gaishe ku ya sha ruwa. In yunwa yake ji, ga Barira. Ka taɓa ganin wanda ya ci ɗan waken sana'a kyauta? Ko gyatumata ce ta dawo duniya sai ta biya, kowa ya san abin sana'a ba a cinsa haka. Ba wanda zai iya buɗe baki ya ce in ba shi."

"Masu jinya fa? A titi za su kwana?"

"In na tashi da yamma in kawar da benci, mai jinya ya shimfiɗa tabarmarsa. Ƙasa ba ta gajiya. Tani ce ke gajiya. Ka sa ƙyaure tsakanin zaure da tsakar gida, shi ke nan."

Isiyaku ya murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Za a ce na sayar wa dangina abinci."

"Za a ce mana. Har waƙa sai an yi maka. Kai dai zaɓi wadda kunnenka zai iya ɗauka, a ce Isiyaku ya yi rowa, ko a zo ana ce maka Allah ya ji ƙan Tani."

Ta ɗauki kaskonta ta shige. Isiyaku ya daɗe a wurin. Kafin azahar ya nemi Jabiru, aka buga wa Alhaji waya, Alhaji ya ce in dai ba za a ƙona masa bango ba, ba ruwansa. Isiyaku ya aika wa Lukman ya zo da ƙyaure.

Da ya je asibiti ya gaya wa Tani, sai ta juyar da kai wajen bango.

"Malam, da wane ido zan kalli mutane?"

"Da naki. Ai har yanzu a buɗe yake, alhamdu lillahi."

"Za su ce ni na sa ka."

"Ni zan ce ni na yi. Ke dai sha maganinki."

Ranar da aka sallamo ta, ta tarar da benci biyu a zaure, da rumfar buhu a ƙofa, da tukunya biyu a kan wuta, Barira na zuba wa wani direba miya tana yi masa tsiya. Tani ta tsaya ta shaƙi ƙamshin miyar ta ce daddawa ta yi kaɗan. Barira ta ce, "Wuce ciki, uwar iyayi, kafin in haɗa ki da likita."

Mutanen Durba na farko da suka zo suka yi turus a ƙofa. Wasu suka sa hannu a aljihu suna dariyar yaƙe, wasu suka ce ai a ƙoshe suke. Bayan kwana goma sai ga Malam Uzairu da kansa, wan Isiyaku, ya zo sayen taki da mutum biyu. Ya tsaya ya dubi rumfa, ya dubi benci, ya dubi wani baƙon fuska yana suɗe kwano a inda tabarmar ƙaninsa take a da. Barira ta rusuna ta gaishe shi, ta zuba masa tuwo da nama biyu. Isiyaku ya yi sauri ya zura mata kuɗi ta gefe, amma idon tsohon ya gani. Ya ture kwanon.

"Isiyaku."

"Na'am, Yaya."

"A gidan ubanmu an taɓa sayar wa baƙo tuwo?"

"Ba a taɓa ba."

"To wannan mene ne?"

"Yaya, nan ba gidan ubanmu ba ne, gidan haya ne. Can mata shida ne a kan tukunya. Nan Tani ce kaɗai, kuma a gaban murhun can ta faɗi. A tabarma muka ɗauke ta."

"Cuta da mutuwa na Allah ne."

"Haka ne, Yaya. Amma murhun nawa ne."

Malam Uzairu ya dube shi ya daɗe. Ya yi sallama ya shiga ciki ya duba Tani, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya sha ruwa. Ya fito ya wuce tuwon nan a inda ya ture shi, mutanensa biyu suka bi bayansa suna waiwayen naman.

Daga ranar ƙafa ta ragu. Masu shari'a da masu jiran mota suka koma yadda suke yi a da. Masu jinya ba su daina zuwa ba, don larura ba ta san fushi ba. Sukan kwana a zaure, da safe su sayi koko wajen Barira, su leƙa ta ƙyaure su ce, "Inna Tani, ya jiki?" ta amsa daga kan tabarmarta. Wata biyu ana haka takalminta ya koma shiga. Likita ya mayar da awonta wata-wata.

A Durba kuwa an yi abin da Barira ta faɗa. Sunansa ya koma Isiyaku Mai Otal, har yara sun iya. Da kaka ta yi aka kira gayyar girbin dawarsa, inda a da mutum talatin kan fito, bakwai suka zo, su ma 'ya'yan wansa ne da Ja'afaru. Sai da ya ɗauki 'yan ƙwadago, kafin a gama tsuntsu da awaki sun ci rabonsu. Aka ɗaura auren jikar Malam Uzairu. A da Isiyaku ne ke ba da auren 'ya'yan gidan, shi ke raba goro. Wannan karon goronsa aka aiko masa a leda ta hannun ɗan acaɓa. Ya je ɗaurin auren duk da haka, ya zauna a sahun baya, aka gaisa da shi sama-sama, ya hau babur ya dawo Rano kafin la'asar. Tani ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce lafiya lau, an tara jama'a.

Da shekara ta zagayo Jabiru ya zo jin ko za su tashi. Isiyaku ya leƙa ciki, ya ga Tani zaune a inuwa tana tsefe kai tana ƙwala wa Barira kira ta ƙyaure wai ta rage wuta, ƙauri take ji. Ya dawo ya ce a ƙara shekara.

In aka zo maganar riba da asara, Barira ce ta fi kowa cin kasuwar. Tukunya biyu ta zama huɗu, har ta ɗauki mata biyu aiki, direbobin Kano sun san miyarta. Mutanen Durba sun rasa tuwon kyauta, amma wurin kwana na nan ga mai larura. Malam Uzairu bai rasa komai ba sai zaman hira da ƙaninsa, kuma shi ya zaɓi hakan. Tani, in ka tambaye ta, cewa take ita aka cuta, an raba ta da tukunya an bar ta da ƙirga ƙwayar magani, amma da ƙafarta take zuwa asibiti ta dawo. Isiyaku shi ya yi asara mai yawa. Zauren da ya kama gidan dominsa ya fita daga hannunsa, yanzu a gindin dalbejiyar maƙwabci yake shimfiɗa tabarma, kuma sunan da ya yi shekara sittin yana tarawa a Durba ya zube cikin damina ɗaya. Matarsa dai tana nan da ranta.